Shekarar da Aka Ɗora Lasifikata a Sikeli

Mutum uku ne suka ce ba za ta yiwu ba, kuma dukansu suna raye a yau da nake wannan rubutu, saboda haka wanda ya ga kamar na ƙara gishiri sai ya je ya tambaye su. Na farko shi ne mai shagon kayan sauti na cikin birnin Kano, wanda bai taɓa ganin lasifikokina da idonsa ba, amma ya yanke hukunci cewa tsohuwar lasifika ba ta zama da sabon inji. Na biyu ƙanena ne, Baffanku Sule na Ajingi, wanda ya faɗa a gaban surukai cewa akwatunan lasifikar nan nawa cin inji suke yi, ko wane iri aka haɗa musu. Na uku kuwa ɗana ne na fari, yayanku Abba, wanda ya gaya mini ta waya, cikin ladabin da ya fi zagi ciwo, cewa in yi haƙuri, zamanin waɗannan kaya ya wuce. Ban yi niyyar tayar da wannan magana ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, a sallar bara na ji ɗaya daga cikin jikokina yana gaya wa ɗan'uwansa cewa kakansu ne ya ƙona injin Abba da tsofaffin akwatunansa. Na gane ke nan ƙarya ta riga ta sauka zuwa tsara ta uku, kuma idan na mutu ban gyara ba, ita ce za ta zama tarihi.

Kun san aikin da na yi, amma ba ku san nauyinsa ba, domin lokacin da kuka yi wayo majigi ya riga ya mutu. Ni ne nake bin motar majigi ƙauye-ƙauye, in kafa farin allo, in ja waya, in tayar da janareta, in sa murya ta kai kunnen mutumin da ke tsaye can bayan taro kamar yadda ta kai na gaba. Kafin a ba ni wannan aiki sai da na zauna a makarantar koyon sana'a irin ta da, inda ba a barin ɗalibi ya taɓa waya sai ya lissafa a takarda abin da zai bi ta cikinta. A cikin shekarun aikin ne na sayi lasifika huɗu tsirara, manya, iri ɗaya, a wani gwanjo. Na kawo su Gaya, na zana wa kafinta awon akwati da hannuna, na tsaya a kansa ya yanka katakon maɗaci, na cusa auduga a ciki, na like kowace kafa da iska za ta iya bi. Amfilifayar da nake kora su da ita, wato injin ƙara murya, ta yi mini hidima har na yi ritaya, sannan ta mutu mutuwar da babu kayan gyaranta a kasuwa. Daga nan akwatunan suka zauna shiru a falo. Ku kuka mayar da su tebur, kuna ɗora musu fulas da kwanon goro, ni kuma ban hana ba, domin katako ba ya jin raini.

Sai kunnen mahaifiyarku ya fara ja da baya. Ba a rana ɗaya ya faru ba. Da farko sallamar baƙi ce take wuce ta, sai a tsaya a zaure ana ta maimaitawa. Daga baya ta koma kallon bakin mutum idan yana magana. Mace ce da ta saba da rediyo tun tana amarya, ba ta tsallake tafsiri, ba ta tsallake labarun yamma, amma sai ga ta zaune gaban talabijin tana juyowa wurina tana tambaya me ya ce, me ta ce, har ta gaji ta daina tambaya. Daina tambayar nan ita ce ta tsorata ni. Likitan da muka gani a Kano bai ɓoye mana ba: ya ce ji ba zai dawo ba, raguwa zai ci gaba da yi, abin da ya rage a yi amfani da shi tun yana nan. Ya ba ta 'yar na'urar maƙalawa a kunne, ta sa ta mako guda ta cire, ta ce kuka take yi mata kamar gyare ya shiga kanta.

Ba zan zalunci Abba ba. Da ya ji halin da ake ciki ya zo da kansa daga Abuja, ya biya ta Kano ya sayo babbar amfilifaya irin ta zamani, wadda ake haɗawa da talabijin don falo ya zama kamar gidan silima. Inji ne mai kyau, mai nauyi, na ɗaga shi na ji. Amma lasifikokin da aka haɗa masa da su na roba ne, guda biyar, kowace ba ta fi gwangwanin madara ba, sai wani akwati guda da aikinsa kawai girgiza ƙasa. Aka jona, aka kunna, taga ta ɗauki rawa, yara suka yi ta tsalle. Hajiya ta zauna ta saurara da iyakar ƙoƙarinta.

“Hajiya, yaya kika ji?” in ji Abba, yana ɗaga murya.

“Allah Ya yi maka albarka,” ta ce. “Ina jin kamar ana daka a maƙwabta.”

Ta ji dakan, ba ta ji magana ba. Ni na san dalili. Kunnen tsufa ba rugugi yake nema ba, muryar mutum yake nema, fes, da kaurinta da kaifinta, kuma wannan shi ne abin da aka ƙera lasifikokin majigi dominsa. Bayan Abba ya koma, na juya injin na sa tabarau na karanta rubutun da ke bayansa. An rubuta cewa yana ɗaukar lasifika mai om shida zuwa sha shida. Nawa kowace om huɗu ce. Ga waɗanda ba su sani ba a cikinku, om shi ne awon yadda lasifika take tare wutar da inji ke turo mata. Idan lambar tana da yawa, ƙofa a tsuke take, wuta kaɗan ke wucewa, inji yana aiki cikin natsuwa. Idan lambar ta yi ƙasa, ƙofa ta wangale, wuta ta kwarara fiye da ƙarfin injin, sai ya ɗauki zafi, in an matsa masa ya ƙone. Lasifika ɗaya mai om huɗu za ta wahalar da wannan inji idan aka ƙure murya, kuma Hajiya ƙure murya take bukata. Amma ina da huɗu, iri ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a aji ya san cewa idan ka haɗa biyu a jere, wuta ta shiga ta farko ta fita ta shiga ta biyu kafin ta koma gida, awonsu taruwa yake yi, huɗu da huɗu su ba ka takwas. Biyu a dama, biyu a hagu, magana ta ƙare. Abin da ya rage mini kawai shi ne waya mai kauri, domin ba na haɗa kayana da siririyar wayar da ake sayarwa a kasuwar Gaya. Na bari sai na shiga Kano tantance 'yan fansho in sayo.

Tafiyar ta kama ana tsakiyar bazara, bayan ƙaramar sallah, lokacin da ake ta bukukuwa. Tantancewar ta ja, na kwana biyu a gidan wani tsohon abokin aiki. Na dawo da nadin waya a jakata, na yi sallama, na shiga falo, sai na ga gurbi huɗu a daɓe inda ƙura ba ta taɓa ba. Injin ma babu shi. Hajiya tana zaune, ta haɗa hannuwa a cinya, na ga alamar ta daɗe tana shirya abin da za ta faɗa.

“Malam, Sadikun Alhaji Sule ne ya zo da mota. Ka san gobe ne walimar yayansa.”

“Wa ya ba shi?”

“Alhaji Sule ya kira Abba. Abba ya ce injinsa ne, a ba su. Da suka zo ɗauka sai yaron ya ce ƙananan nan ba za su cika fili ba, ya haɗa da naka.”

“Ke kuma kika tsaya kina kallo.”

“In ce wa ɗan ƙaninka a'a, a kan kayan biki? Da wane baki?”

Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. A wurinmu kayan ɗan'uwa na biki ne. Tabarma, tukunya, kujera, fitila, duk abin da ka mallaka, ranar sha'anin danginka ba naka ba ne, kuma matar gida ba ta isa ta tare ƙofa ba. Al'ada ce mai kyau, ni ma na ci moriyarta lokacin aurar da ku. Amma tukunya ko jahili ya san yadda ake ɗora ta. Akwai kayan da aronsu sai da mai su, kuma wannan ne dangina suka ƙi fahimta.

Washegari da hantsi na hau babur zuwa Ajingi. Tun daga bakin layi na san an yi ɓarna, domin gidan biki ne amma babu kiɗa, sai hayaniyar mutane da ƙarar janareta. Na ratsa rumfa ina amsa gaisuwa, hancina yana ja na, don warin ƙonannen inji ba ya ɓuya ga wanda ya yi aikina. Na same shi a kan benci, a gefen rumfa inda rana ta fi bugawa, an lulluɓe shi da darduma wai kada ƙura ta shiga. Na yaye dardumar, na sa hannu, murfin bai gama hucewa ba. Na leƙa baya. Sadiku, ɗan Baffanku na uku, wanda yake kiran kansa mai kiɗan biki don yana da waƙoƙi a wayarsa, ya ɗauki wayoyin lasifika biyu ya murɗe su dami guda ya cusa a rami ɗaya, ya yi haka a dama, ya yi haka a hagu. Irin haɗin da ake yi ke nan a kowane biki a ƙasar nan, ana ganin yawan akwati shi ne yawan murya. Wannan haɗin kishiyar nawa ne: maimakon awo ya taru, rabewa yake yi, huɗu da huɗu su koma biyu. Om biyu, a kan injin da aka rubuta masa shida, a cikin zafin bazara, an toshe masa hanci da darduma. Injin ya yi iyakar ƙoƙarinsa na kare kansa. Mutanen wurin da bakinsu suka gaya mini ya yi ta ɗaukewa, yaron yana sake kunnawa, yana ɗaukewa, yana sake kunnawa. Da fis ɗinsa, 'yar wayar da ke yanke wuta don ta kare inji, ya tsinke, sai ya kwance murfi ya ɗaure gurbin da zaren waya. Na ga zaren da idona, ya yi baƙi.

Ban ɗaga murya ba. Na sa a kira mini yaron, aka ce ya tafi neman wani inji. Sai ga Baffanku ya taso daga cikin manyan baƙi, da babbar riga, dangin amarya suna biye da shi da ido.

“Yaya, ka iso? Ka ga abin da akwatunan nan naka suka ja mana.”

“Akwatunana?”

“To, me? Injin yaro sabo fil, jiya-jiya aka sayo shi. Ana haɗa shi da waɗannan tsofaffin sai hayaƙi. Sadiku ya ce dama an gaya wa Abba a shago, irin waɗannan cin inji suke yi.”

“Sule, zo ka ga yadda ɗanka ya murɗe waya.”

“Haba Yaya, ni me na sani a waya? Yaran yanzu ai sun fi mu sanin kayan zamaninsu. Mu namu ya wuce, sai haƙuri.”

Ya yi dariya, ya juya wurin surukansa, su ma suka yi 'yar dariyar kara. Wani dattijo daga cikinsu ya ce ai haka tsofaffin kaya suke, shi ma yana da wata rediyo da ke cinye batir. Ina tsaye a wurin, da furfurata, mutumin da ya sa hakimai da gwamnoni suka yi magana dubban mutane suka ji, ƙanena da na goya a bayana yana mayar da ni abin nishaɗin baƙinsa don ya rufa wa ɗansa asiri. Na haɗiye, saboda ranar auren ɗansa ce kuma ango bai yi mini komai ba. Na naɗe injin a cikin rawanina, na rungume shi a kan babur har Gaya. Akwatunan na bar su, da niyyar in aiko da mota idan an watse.

Ba a ba ni wannan damar ba. Ƙanwarku Hauwa ce ta zo daga Balan bayan 'yan kwanaki, ta zauna tana ta kewaye-kewaye, sannan ta faɗa mini cewa kun yi shawara a junanku ta waya, ku 'ya'yana, ba tare da ni ba. Kun amince cewa muddin akwatunan nan suna gidan, Baba ba zai bar kowane inji ya zauna lafiya ba, don haka Abba ya ce wa Baffanku ya kira 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, su kwashe, a huta. Ina so ku karanta wannan jimlar sau biyu, ku ji yadda take a kunne. Na kira Abba a take.

“Kai ka ce a sayar da kayana?”

“Baba, don Allah ka fahimce ni. Ba raini ba ne. Mai shagon ya yi mini bayani, ba a haɗa su. Zan sayo wani injin, da nasa lasifikokin.”

“Irin na gwangwanin madara, waɗanda uwarka ba ta ji?”

“Baba, Hajiya fa ba za ta ji ba ko me aka kawo. Likita ya faɗa. Kada ka wahalar da kanka.”

A nan na kashe wayar. Ba ƙona injin ne ya fi ƙona mini rai ba, ba dariyar surukai ba ce. Wannan maganar ce: kun riga kun yanke wa mahaifiyarku hukuncin kurumta tun da sauran jinta, kun ɗauki shirunta a matsayin abin da ya riga ya tabbata, don ya fi muku sauƙi.

Na ɗauki hayar keken kaya mai ƙafa uku, na zauna kusa da direba, muka kama hanyar Ajingi. Allah Ya sa ban tsaya cin abinci ba. Muna shan kwanar gidan na hango mai gwangwan da kurarsa a ƙofar zaure, ya rataye sikelinsa a reshen darbejiya. Ya riga ya kwance lasifika ɗaya daga akwatinta, ya ɗaure ta da igiya, tana lilo a ƙugiyar sikeli, yana karanta nauyin maganaɗisu da jan ƙarfen da ke cikinta. Akwatin maɗacin yana yashe a ƙasa, audugar ta zubo, akuya tana shinshinawa. Baffanku yana zaune a kan tabarma yana jan carbi, Sadiku yana tsaye yana riƙe da sukundireba.

“Sauke ta,” na ce wa mutumin. “A hankali. Ka riƙe ta ta baya, kada yatsanka ya taɓa takardar fuskarta.”

Ya dubi Baffanku, ya dube ni, ya sauke. Shi ba ruwansa, sana'arsa yake yi.

“Yaya, Abba ne fa ya ce,” in ji Sule.

“Abba ne ya haife ni?”

Ya ci gaba da jan carbinsa. Na juya wurin yaron.

“Sadiku, ga ubanka, ga ni. Faɗi abin da ka ɗaure a gurbin fis.”

“Baffa, ni dai haɗawa kawai na yi yadda kowa yake yi.”

“Ban tambaye ka kowa ba.”

Ya sunkuyar da kai yana wasa da sukundireba. Da ya faɗi gaskiya a wannan lokaci, da na dafa kansa na koya masa haɗin jere a tsaye a wurin, domin jahilci ba abin kunya ba ne a wurin yaro. Amma ubansa ya riga shi.

“Yaya, kada ka tsare mini yaro a ƙofar gidana a kan tarkace.”

“To, ka riƙe ƙofar gidanka,” na ce. “Ba zan sake tsallake ta ba sai ranar da aka faɗi gaskiyar abin da ya ƙona injin nan, a gaban mutane, kamar yadda aka faɗi ƙaryar.”

Muka loda akwatuna huɗu, na rungume lasifikar da aka kwance a cinyata, muka juyo.

Daminar wannan shekara a kan tebur na yi ta. Sauran mutane suna gona, ni ina zaure da mitar awon wuta da ƙarfen dalma da gilashin ƙara girma. Injin zamani ba kamar namu ba ne, kayan cikinsa ƙanana ne kamar ƙwayar gero, idona kuma ya raunana. Na bi layi-layi har na gano iyakar ɓarnar: manyan tiransistocin da ke tura murya dama da hagu sun ƙone, sun ja wasu ƙananan kaya tare da su. Na yi ta zirga-zirga zuwa Kano neman irinsu, ana ba ni jabu ina mayarwa. Sau da yawa na like abu da safe in kwance shi da yamma. Babu ɗayanku da ya tambaye ni ina aka kwana. Hauwa kaɗai ce takan leƙo, ta ajiye mini kunu, ta tafi. A cikin wannan lokaci kuma ina lura da Hajiya, ina ganin abin da ya rage mata yana tsiyayewa. Ta daina jin kiran sallar masallacin bayan gida, sai ta ga na tashi alwala ta san lokaci ya yi. Ba da Sule nake tsere ba, ba da Abba ba. Da wannan nake tsere.

Da injin ya tashi, ban yi gaggawa ba. Na mayar da lasifikar da aka kwance cikin akwatinta, na auna kowace ɗaya. Na haɗa biyu a jere da wayar nan mai kauri, na ɗora mita, ta nuna abin da lissafi ya ce. Na yi haka a ɗaya gefen. Na shiga cikin saitin injin na gaya masa lasifika biyu kawai gare shi, don ya tattara dukan magana ya zuba a cikinsu, na rage rugugi, na ɗaga kaifin murya. Na ɗora shi a kan 'yan sanduna biyu don iska ta bi ta ƙasa, na kafa masa ƙaramar fanka a baya. A nan ne muka yi 'yar rigima da mahaifiyarku, domin na fita sallah na dawo na tarar ta lulluɓe shi da farin ƙyallen da ta saƙa da kwarashi, mai fure a tsakiya.

“Hajiya, wannan fa?”

“Ƙura, Malam. Abu mai tsada a bar shi tsirara kamar na marasa gata?”

Na kama hannunta na ɗora a kan ramukan murfin, ta ji ɗumin da ke fitowa. Na matso kusa da kunnenta na ce mata ta nan yake numfashi. Ta janye ƙyallen, ta shimfiɗa shi a kan ɗaya daga cikin akwatunan, ta ce to wannan dai ba ya numfashi ta ka. Na bar mata.

Na jawo akwatuna biyu kusa da kujerarta, ɗaya ta kowane gefe, sauran biyun suna bango. An fara yankan gero a lokacin, da la'asar ce, gidan babu kowa sai mu biyu da Hauwa. Hauwa tana da hoton bidiyo na saukar Alƙur'anin 'yarta, wadda aka yi watanni kaɗan kafin nan. Hajiya ta je wannan sauka, ta zauna a sahun gaba, ta ga bakin jikarta yana motsi, ta dawo gida ba ta ji ko aya ɗaya ba. Shi na ce a saka. Na fara da murya ƙasa-ƙasa, hannuna ɗaya a kan murfin injin ina jin zafinsa, ɗaya a kan maɓallin murya ina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Muryar yarinyar ta cika falon, siririya, tsaf, har ana jin inda take jan numfashi. Injin bai ɗauke ba. Murfin ya yi ɗumi irin na jikin mai lafiya ya tsaya a nan. Ina kallon Hajiya ta gefen ido. Na ga ta daina kallon bakin yarinyar a talabijin, ta sunkuyar da kai, leɓɓanta suka fara bin ayar. Na ƙara murya kaɗan don in tabbata. Sai ta ɗaga hannu ba tare da ta dube ni ba.

“Malam, rage kaɗan. Ya yi yawa.”

Hauwa ta fita tsakar gida da sauri, mayafi a fuska. Ni na rage, na zauna.

Abin da ya biyo baya kun san shi, amma ku ji shi daga bakina. Mahaifiyarku ta samu azumi guda cur tana jin tafsiri da kunnenta, tana yi mini gardama a kan abin da malam ya ce. Ta ji labarai, ta ji muryoyin jikokinta na nesa da kuke turowa. Bayan haka jin ya ƙarasa tafiya kamar yadda likita ya faɗa, yanzu ko an ƙure ba ta ji. Watannin bazara da damina da aka cinye mini a gyaran abin da ban ɓata ba, daga cikin nata aka ɗebe su, kuma babu mai mayar mata. Wannan ne ban yafe ba tukuna, ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa kafin in koma gare Shi.

Injin yana nan yana aiki, ko sau ɗaya bai sake ɗaukewa ba. Abba ya zo ya gani, ya zagaya bayansa, ya ce ikon Allah, bai ƙara komai ba. Baffanku kuwa muna haɗuwa a jana'iza da ɗaurin aure, in ba shi hannu, in amsa sallamarsa, in tambayi iyalinsa, domin ban yanke zumunci ba kuma ba zan yanke ba. Amma ƙofar gidansa ban tsallake ba. An haifa wa angon nan ɗa, aka raɗa masa sunan mahaifinmu, na tsaya a waje aka yi addu'a na juyo, ban shiga na ɗauki yaron ba. Kada ku zaci abin bai dame ni ba. Uwa ɗaya ta haife mu, mu biyu kaɗai muka rage, kuma kowannenmu ya san saura ƙiris. Magana ɗaya nake jira, ba ta fi numfashi guda ba, har yau ba a faɗe ta ba.

Ga abin da nake so ku rubuta a inda kuke rubuta ranakun haihuwa da na rasuwa na gidan nan, ku kuma karanta wa 'ya'yanku. Ranar Alhamis ta ƙarshe a watan Safar, a shekarar da aka yi bikin Ajingi, bayan sallar la'asar, a falon gidana da ke Gaya, Hajiya Binta ta ji karatun jikarta da kunnenta.